Suga Ya Raba Ni da Tirenmu

Zuwa ga aminina Bulus,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Rifkatu da yaran gaba ɗaya. Yaya sanyin Filato, yaya gona? In ka tambayi labarinmu, muna nan Sharada inda ka bar mu, a kamfanin robar nan dai, inji na zubo bokitai muna kwashewa.

Na kira lambarka har na gaji. Kullum matar nan ta cikin waya ce ke amsa mini, wai ba a samunka. Tun da ka tattara ka koma gida bayan rasuwar Baba, sau ɗaya muka yi magana, ita ma iska ta cinye rabinta. Shi ya sa na ce bari in rubuta a wannan shafi na intanet inda kowa ke gani, wataƙila wani ɗan garinku ya ci karo da ita ya kai maka.

Bulus, suga ya kama ni.

Na san abin da za ka fara cewa. Kai ne fa kake tsayawa a kaina a teburin mai shayi, kana kallon yadda nake cika cokali ina ƙarawa, ka ce, "Haladu, shayi za ka sha ko alewa za ka dafa?" To, ka yi dariyarka, na yafe maka.

Da ƙishirwa ya fara. In sha ruwan leda, kafin in yar da ledar maƙogwarona ya sake bushewa. Sai yawan zagayawa, in bar inji in tafi, in dawo, in sake tafiya, har oga ya fara duba agogo duk lokacin da na wuce ta gabansa. Wandona ya yi mini yawa. Ranar da na ga kiyashi sun yi layi a makewayin gidan hayarmu na Ɗorayi, daidai inda na tashi, na san ba lafiya ba. Ban gaya wa kowa ba, na nemi izini na tafi asibiti.

Likitar mace ce, 'yar siririya, ba za ta girmi ƙanwata ba, amma ba ta da kwana-kwana. Bayan an yi awon jini ta ce sugan ya hau, sai dai bai yi nisan da ba za a kamo shi ba. Ta ce ita abin da ta fi so, in fara shan ƙwaya yanzu, in kuma gyara ci, in riƙa motsa jiki. In kuwa na ƙi ƙwayar, za ta ba ni 'yan watanni in gwada gyaran ci da tafiyar ƙasa kaɗai, in dawo a sake awo. Ta ce zaɓi nawa ne, amma kada in ɓace mata.

Na ƙi ƙwayar. Ka tuna Kawuna na Jahun da na taɓa ba ka labari? Da ƙwaya ya fara, aka koma allura, daga baya aka yanke masa ƙafa. Tun daga lokacin na ɗaure ƙwayar da ƙafar wuri ɗaya a raina. Ga mutane kullum suna cewa in ka fara sha shi ke nan, sai ranar da aka kai ka. Na gaya wa likitar haka. Ta ce ba ƙwayar ce ta cinye ƙafar Kawu ba, daɗewar da ya yi bai nemi magani ba ce. Kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba. Na ce mata ni namiji ne, zan iya riƙe bakina.

Kuma na riƙe, wallahi. Na daina hawa adaidaita sahu, daga Ɗorayi har Sharada a ƙafa nake zuwa. 'Yan adaidaita su yi ta danna mini oda, in ɗaga musu hannu. Na bar teburin mai shayi, domin zama a wurin ba ka shan komai, ƙamshin madara na dukan hancinka, azaba ce. Ban san hirar safen nan ce ke riƙe ni ba sai da na rasa ta. Yanzu daga ɗaki zuwa bakin get, wata rana ba na buɗe baki sai dai in amsa sallama.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Tire ne ya fi ci mini rai.

Ka tuna rumfar Iya Talatu a bakin get? Da jiniyar hutun rana ta yi kuka, mu huɗu, ni da kai da Malam Sale mai gyaran inji da Isuhu ɗan Maraɗi, mu zagaye tire guda. Garau-garau ta yi tozo, mai da yaji na gangarowa, ga lemo mai sanyi kowa da kwalbarsa. Mu mu ce bismillah, kai ka sunkuyar da kai ka rufe ido kana addu'arka, Isuhu ya lallaɓa ya ɗauke kifin da ke gabanka. Ka buɗe ido ka ce, "Na gode Allah da ya ciyar da ɓarawo ta hannuna." Matata da yara suna Jahun, sai ƙarshen wata nake ganinsu. A Kano, tiren nan shi ne gidana.

Bayan tafiyarka mun ci gaba mu uku. Sai ga wannan ciwo. Shinkafa mai tozo da lemo kuwa su ne farkon abin da likita ta ce in yi hankali da su.

Ka san abin da nake ci yanzu? Acca! Ni da nake tsokanarka duk ranar da Maman Rifkatu ta zubo maka gwaten acca a kula, in ce ga Bulus da abincin tsuntsaye. Yau ni ne nake shiga Sabon Gari ina neman mutanenku masu sayar da ita. Ban iya wanke ta ba, kullum sai na tauna tsakuwa. In haɗa da wake, ko kwaɗon zogale, in zuba a kula in riƙo.

Kuma ka san inda nake zama in ci? Bayan ɗakin janareto, kan bulon nan da kake zama da azumi don kada mu ga kana ci. Shekara da shekaru kana ɓuya a wurin saboda mu, ban taɓa zuwa na ga yadda wurin yake ba. Ashe zafi ne da ƙarar inji da warin gas, ba wanda ke wucewa. Na tuna ka sosai a wurin nan, Bulus.

Za ka ce me ya hana in gaya musu gaskiya. Tsoro ne. Ka san yadda aikin namu yake, kwantiragi ne ake sabuntawa. Ka tuna mutumin nan na sashen lodi da hawan jini ya kayar a bakin aiki? Da aka zo sabuntawa ba a kira shi ba. Ban ce saboda ciwon ne ba, ba wanda ya ce haka, amma kowa ya yi shiru ya gane abin da ya gane. Magana kuwa in ta fita a rumfar Iya Talatu, kafin la'asar ta isa ofis. Ga shi ba a daɗe da ɗora ni a kan layinmu ba, ni ke lura da sauran. Sai na kama bakina.

Kullum in zo wucewa da kulata, su ɗago su ce, "Haladu, bismillah." In ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi, a ci lafiya." Yau haka, gobe haka.

Isuhu ne ya fara kasa daurewa. Wata rana ya riƙo hannun rigata ya zaunar da ni. Ya ce in dai wani ne ya ce mini an sa mini wani abu a abinci, to in duba. Ya kai hannu gefen da na saba ci, ya ɗebi loma ya haɗiye a gabana, idonsa ya yi ja. Kai, Bulus! Mutumin da muka yi shekaru hannunmu na haɗuwa a tire ɗaya, yau yana rantse mini bai yi mini sammu ba. Maganar ta zo har bakina. Sai na hango ɗan aiken ofis a benci na baya yana cin taliya, na haɗiye ta. Na ce masa haba, ba haka ba ne, cikina ne kawai ba ya so.

Malam Sale shi bai tambaye ni komai ba. Labari dai ya dawo mini cewa ya ce tun da aka ba ni layi, abincin bakin get ya yi mini ƙasa.

Da watannin suka cika na koma asibiti da ƙarfin gwiwata. Na rame, na yi tafiya har takalmina ya cinye, na ci tsakuwar acca, na tabbata za ta ce na ci jarrabawa. Aka yi awo. Ta ce ya sauka, ta yaba mini, amma bai sauka inda ake so ba. Na kuma gaya mata abin da na so in ɓoye, cewa tafin ƙafata ya fara yi mini zafi-zafi kamar ana tsira mini allura. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce na yi iyakar ƙoƙarina, jikin ne ke neman taimako, kuma shan ƙwaya ba faɗuwa ba ce. Ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi, in ƙara da ita.

Na tuna Kawu. Sai na ga ai abin da ya yi nake shirin yi, in yi ta ja har ƙafa ta tafi. Na ce ta rubuta.

Sannan na yi mata tambayar da ta fi damuna, ina jin kunya kamar yaro. Na ce in ina shan ƙwayar, zan iya komawa tire? Ta yi dariya. Ta ce ƙwaya ba lasisin cika ciki ba ce, amma ita ba ta taɓa cewa in ci abinci ni kaɗai ba. In ja waken da salak gabana, in taɓa shinkafar kaɗan, in sha ruwa maimakon lemo, in riga kowa tsame hannu. Ka ji fa. Tun da ka tafi ai ni ne babba a tiren, babba kuwa shi ke fara tsame hannu ya bar wa na baya, ba mai cewa don me. Ashe tun farko da hanya, ni ne ban tambaya ba.

Ta ce a tsakiyar cin abinci ake shan ƙwayar. Jiya na sa ta a aljihun gaban rigata, na bar kula a gida da gangan. Da jiniya ta yi kuka na wanke hannu a famfo, na nufi rumfa ina tafiya a hankali don su gan ni. Suna zaune, su biyu da wani sabon ma'aikaci a wurin da nake zama. Suka ɗago. Malam Sale ya ce, "Sannu, Oga Haladu." Suka mai da kai kan tire.

Ba wanda ya ce bismillah.

Na ɗan tsaya kamar ina neman wani abu a aljihu. A da ai ba na jiran a kira ni, zama kawai nake yi in ture Isuhu da kafaɗa. Jiya ƙafata ta ƙi. Na wuce masallaci na zauna har aka koma aiki, da yunwata da ƙwayata.

Yau na ce bari in gyara. Na riga kowa fita, na sa Iya Talatu ta cika tire, har da kifi, na zauna ina jira. Da suka iso na ce, "Malam Sale, Isuhu, bismillah." Malam Sale ya dubi tiren, ya dube ni, ya ce, "Alhamdulillahi, mun ƙoshi, a ci lafiya." Ko loma ba su kai baki ba tun safe, na sani. Suka wuce rumfar gaba. Isuhu ya waiwayo sau ɗaya.

Ban ga laifinsu ba, ni na koya musu amsar. Na ci ɗan abin da likita ta yarda, na haɗiyi ƙwayata ta farko da ruwan leda, na kira masu gadi suka ɗauke sauran. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba, ko ranar da na fara sauka a Kano ban san kowa ba.

Da kana nan da ba a kai haka ba. Da tun makon farko ka fizge kular ka buɗe, ka ga acca, ka tara mini jama'a da dariya, magana ta fito kowa ya huta. Na rasa mai yi mini wannan rashin kunyar.

Kai nake rubuta wa, amma ba zan yi maka ƙarya ba, na san Isuhu na duba shafin nan, kuma zai karanta wa Malam Sale. Na san 'yan ofis ma suna dubawa, ga sabunta kwantiragi na tafe. Na daɗe ina juya wannan a raina kafin in fara rubutu. To, su gani. Ina da ciwon suga, ina shan magani, ina kuma tsaye a kan injina kamar kowa. In sun ga dama su kira sunana, in ba su kira ba Allah na nan. Na gaji da cin abinci a bayan janareto.

Allah ya tsare ka a duk inda kake, ya albarkaci gonarka, ya raya maka su Rifkatu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, naku da namu. Ka sa ni a addu'a ranar Lahadi, ka kira sunana sosai, kada ka ce wani abokina. In wannan ta same ka, ka nemi waya ka kira ni, ko zagina ne ka yi.

Gobe in jiniya ta yi kuka zan je rumfar Iya Talatu in wanke hannu in zauna. Ba zan ce komai ba, zan jira.

Naka har kullum,
Haladu