Takardar da Na Manna a Bangon Baba

Ranar Litinin

Maman 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatun kuma bai fi ƙarfinki ba. Yaya ciwon bayan? Yara lafiya lau, kullum sai sun tambayi ranar dawowarki.

Ofishinmu ya ba ni aikin duba gidajen unguwarku kafin damina. Gida arba'in da uku ne, na gama ashirin. Ina duba bango, rufi, rijiya, kwata da wayar wuta, in rubuta abin da na gani. Inda na tarar da tsaga, sai in manna 'yar takarda a kanta da kwanan wata, in dawo bayan kwana uku. In ta yage, bangon yana motsi ke nan, dole mutane su fita. Matan unguwa har sun sa mini suna Mai Leƙe-leƙe.

Ga abin da ya dame ni. Jiya na isa gidanku. Baba ya tare ni a ƙofa, ya ba ni kujera, ya ce ɗakinsa lafiya lau, da hannunsa ya gina shi tun ban san hanyar makaranta ba. Kin san tun aurenmu ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Nauyinsa ya kama ni, na rubuta "lafiya" ban gani da idona ba. Shekara goma sha biyu ina aikin nan, ban taɓa yin haka ba. Me kika gani?

Ki kula mini da kanki.
Mijinki

Ranar Asabar

Maman 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta iso, faɗan da kika yi mini kuwa na cancance shi.

Na koma, na cire takalmi, na nemi izini sau biyu kafin ya ce in shigo. A bayan kabad akwai tsaga daga rufi har ƙasa, yatsana yana shiga cikinta. Na manna takarda. Jiya da na koma, na same ta lafiya, ko gezau. Har na yi hamdala na juya, sai zuciyata ta ƙi. Kin san halina na duba abu sau uku. Na sake duba kwanan watan da ke jikin takardar: ni ba na gitta wa lambar bakwai sanda, wannan bakwai ɗin kuwa da sandarsa.

Baba bai musa ba. Ya ce takarda ta uku ke nan da ya sake don kowacce yagewa take yi, kuma ya sha wahala kafin ya iya lalata rubutunsa ya yi kama da nawa. Daga nan ya dafa gadon Inna, ya ce a kansa ta cika, shi kuma ba inda za shi.

Na fito tsakar gida, na buɗe littafina. Na soke "lafiya", na rubuta gaskiya, na sa jan fenti a ƙofar ɗakin, alamar dole a fita. Na yi masa sallama na tafi. Ban sani ba ko da wata hanya mai taushi da ban gano ba. Amma hadari ya fara haɗuwa, ni kuma ba zan iya kallon idonki ba in wani abu ya same shi.

Ki sa mu a addu'a.
Mijinki

Ranar Alhamis

Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa da kewa, albishirinki: Baba yana gidanmu.

Ban roƙe shi ya fita ba. Na ɗauko mai kura, na durƙusa na nemi ya bar ni in kai gadon Inna inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ya harare ni, ya ce in kula da ƙafar hagu, tana girgiɗi. Muna fita da gadon ya ɗauki sandarsa da rediyonsa ya biyo mu, wai bai yarda da tuƙin mai kurar ba. 'Yan biyu sun koma falo, sai murna suke. Magini zai fara aiki bayan damina.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. Yau da safe ya kira ni, ya ce in ɗauko littafina. Ya zaga gidanmu da sandarsa, ina binsa a baya: murfin tanki a buɗe, wayar kicin ta sale, kwatar baya ta toshe, har laifi tara. Ya ce bai san wanda ya ba ni aikin duba gidan mutane ba. Na rubuta duka, kuma wallahi yana da gaskiya a bakwai. Ya ba ni kwana uku, ya ce zai dawo ya duba.

Ki dawo da wuri, yanzu ni ake leƙawa.

Naki har kullum,
Mijinki