Minti Huɗu a Tashar New Street

Ardwick, Manchester
4 ga Oktoba, 2015

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Saudatu da yara. Ya mutanen Selly Oak?

Ka yi haƙuri da shanya ka da na yi jiya. Kamar yadda na ce a text, aiki ne ya riƙe ni a asibiti. Na san shekara biyar ka yi cikin injiniyoyin da suka sabunta tashar jirgin ƙasa ta New Street a Birmingham, kuma ka ci burin zagayawa da ni. Wani jiƙon, in Allah ya yarda.

Ƙanwarka,
Rabi'a

Ardwick, Manchester
19 ga Oktoba, 2015

Yaya Halliru,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ina ganin kiranka, ɗauka ce na kasa.

Ƙarya na yi maka, Yaya. Na zo Birmingham ranar. Daga aikin dare na bakwai a jere na fito, mu likitoci biyu a kan ward huɗu na marasa lafiya, ko gida ban biya ba na hau jirgi. Na riga ka isowa da kusan awa guda. Ina tsaye ina kallon rufin nan da kake ba mu labari, rana ta ratso shi fes, sai wani dattijo Bature ya yanke jiki ya faɗi, bai fi taku ashirin da ni ba. Aka sanar a lasifika cewa in da likita ya taimaka.

Katin aikina yana wuyana. Na cusa shi cikin riga, na raɓe bayan wani ginshiƙi. Ba abin da ke raina sai Allah ya fito da wani, ko waye, ban da ni. Allon jiragen yana gabana da agogonsa, shi ya sa na san minti huɗu na yi.

Wata mai shara ce ta ajiye tsintsiya ta durƙusa, Clara aka rubuta a rigarta. Tana danna masa ƙirji, amma daga inda nake ina ganin dannawar ba ta shiga. Sai a nan ƙafata ta ɗagu. Na karɓe ta har motar asibiti ta iso, zuciyarsa ta dawo. Clara ta rungume ni tana kuka, tana cewa Allah ne ya jefo ni a kan lokaci. Ma'aikatan tasha suka karɓi lambata. Ni kuwa na bi jirgin farko zuwa Manchester, don ba zan iya haɗa ido da kai ba.

Makon jiya 'yarsa ta kira ni. Kwana biyar ya yi, bai farfaɗo ba ya rasu; an ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba iska. Godiya ta kira ta yi mini, har tana tambayar inda za ta aiko fure. Na ce mata ba komai. Da bakina, Yaya.

Na gaya wa consultant ɗina, babbar likitar da nake ƙarƙashinta, komai. Ta ce gajiya ce, ta ce ba wanda ya san ko minti huɗun sun canja wani abu, ta ba ni hutun sati biyu. Shekaranjiya abokan aikina suka tafi London zanga-zanga kan sabon kwantiragin da gwamnati ke son ɗora mana, da allunan da ke cewa gajiyayyen likita haɗari ne. Gaskiyarsu ce. Amma na kasa bin su, ina tsoron kada in ɗaga allon don in wanke kaina.

Don Allah kada Hajiyarmu ta ji, ka san yadda take cika baki da ni a Kano. Sannan tunda ka san mutanen tashar, ka nemo mini Clara. Ina so ta ji daga bakina cewa na riga ta ganinsa, amma ita ce ta je.

Ka gaishe da Anti da yara. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Rabi'a