Hannun Baba da Maganar Sabon Banki

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kuma sa albarka a aikin da ya kai ka nesa. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene shanya da kanta, duk da mun hana. Maigidana an mayar da shi ofis na kusa, yanzu a gida yake cin abincin rana, ni dai ban tabbata ci gaba ba ne. Baba kuma likita ya ce jinin ya sauka, maganarsa ta dawo daidai, yana zuwa shago ba sanda. Hannun dama ne har yanzu yake rawa, kuma a kansa na zauna rubuta maka, tunda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Kwanaki Baba ya karɓi aikin kujerun wata makaranta, mai katako ya kawo kaya, Baba ya rubuta masa cek kamar yadda suka saba. Banki ya dawo da cek ɗin, wai sa hannun bai yi daidai da wanda ke wurinsu ba. Mai katako bai yi ƙorafi ba. Gida ya zo, ya gaida Baba da jiki, ya ajiye takardar a gefen tabarma, ya ce shi ba sauri yake ba. Wannan haƙurin ne ya fi yi wa Baba ciwo. Washegari na raka shi bankin. Ma'aikacin da ke bayan gilashi ya ba shi farar takarda ya sake sa hannu, ya duba kwamfuta, ya ce a sake, ya kuma cewa a sake, mutanen layi suna kallo. Daga baya aka kira manaja, shi kuwa ni ya fuskanta, ya tambaye ni ko tsohon yana gane abin da ake faɗa, alhali Baba yana tsaye kusa da ni. Ya ce a kawo takardar likita, ko kuma a wakilta wani ya riƙa kula da asusun. Ba zan ce ya yi rashin kunya ba, kuma na san dokar don tsaron kuɗin mutane aka yi ta. Amma da muka shiga mota, Baba ya ce ya gama da wurin.

Na isar masa da shawararka, cewa a buɗe asusu da sunana ya huta. Ya dube ni, ya tambaya ko mun riga mun raba gadon ne ba a sanar da shi ba. Daga nan na bar maganar. Abin da yake so shi ne asusu na yau da kullum da sunansa, irin mai littafin cek, domin masu ba shi aiki da masu sayar masa da kaya duk ta nan suke mu'amala. Ni na zauna da waya ina gwada kuɗin hidimar wannan banki da na wancan, shi kuwa ya ce sai ya je da ƙafarsa.

Na farko shi ne babban nan na bakin shataletale, kuma shi ya fi arha. Wurin tsaf, ga sanyi. Tun daga ƙofa wata budurwa ta tare mu da fara'a, ta ce yanzu komai a waya ake yi, ba sai mutum ya ga kowa ba. Ta miƙa masa allon taɓawa ya rubuta sunansa, yatsan yana danna harufa biyu a lokaci guda. Ya yi godiya ya mayar mata. Ni da kai bankin zai yi mana daidai, shi ban da shi. Na biyu Kawu ne ya haɗa mu da shi, saboda ɗan abokinsa yana aiki a can. An shigar da mu ofis, an kawo ruwan sanyi, ana ta ranka ya daɗe, Baba ya fito yana cewa ya samu wuri. Da muka koma da takardun da aka nema, sai aka ce ɗan abokin Kawu ya tafi hutu, kuma babu wanda ya san da zamanmu. Muka yini a benci. A hanyar gida Baba ya ɗora laifin a kan Kawu, ni kuma ban tuna masa wanda ya yi saurin yabo ba.

Na ukun ko cikin lissafina babu shi. Tayar mota ce ta sace, muka tsaya wurin mai faci, Baba ya hango ƙaramin reshe tsakanin kantin magani da shagon ɗinki, ya ce mu shiga ko don kujera. Akwai wata mata a tebur ta hannun hagu, ba gilashi tsakaninta da mutane, yanzu a gida Mai Tabarau ake ce mata. Ta gaishe shi, ta tambaye shi abin da yake bukata, ta jira ya gama, ko sau ɗaya ba ta juyo wurina neman fassara ba. Baba ya ɗora hannun a kan tebur yana rawa, ya ce ga matsalarsa. Ta ce suna da masu irin wannan. Za su ɗauki sa hannunsa yadda yake a yanzu, su haɗa da dangwalen yatsa, kuma ba za a mayar da cek ɗinsa ba sai an kira shi an ji daga bakinsa. Sannan ta faɗi aibinsu ba tare da an tambaya ba: kuɗin hidimarsu ya fi na babban bankin, na'urar cirar kuɗi ta waje tana yawan tsayawa, kuɗin da aka turo daga ƙasar waje kuma yakan ɗan jinkirta. Wannan na ƙarshe kai ya shafa, sai ka riƙa turowa da wuri.

Baba bai amsa a ranar ba. Ya karɓi lambarsu, washegari ya kira daga shago ana ƙarar zarto, don ya ji ko mutum zai ɗauka. Mutum ya ɗauka, sai ya yarda aka buɗe asusun a can. Kada ka zaci ba su da kuskure: littafin cek na farko ya zo da harafi ɗaya a juye cikin sunansa. Ita ta lura kafin mu, ta kira ta ba da haƙuri, aka sake bugawa. An biya mai katako, kujerun makaranta ma an kai.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani. Lokacin cike takardu ta tambaye shi, kamar yadda take tambayar kowa, ko yana son a sa mutum na biyu a asusun. Abin da ya ƙi ji daga bakinmu, daga bakinta sai ya ce zai duba. Na ɗauka ni ce, na san kai ma haka za ka ɗauka. Ranar komawa sai ya ce wa Inna ta shirya. Inna da ba ta taɓa wuce ƙofar banki ba ta zauna a gaban teburin da jakarta a cinya, ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. Mai Tabarau ta bayyana musu cewa ana iya tsara shi kowa ya sa hannu shi kaɗai, ko kuma a ce babban kuɗi sai da hannu biyu. Baba, yana jin daɗin kansa a ranar, ya zaɓi na biyun. An maimaita masa ma'anarsa, ya ce ai ya ji tun farko.

Makon da ya wuce ya ga wani tsohon injin yanka katako ana sayarwa, irin wanda likita ya ce kada ya kusanta da wannan hannun. Ya rubuta cek, ya kai wa Inna. Ta karanta, ta ce ba za ta sa ba. Ya yi faɗa, ya kawo tarihin shekarunsa a sana'a, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da safe ya sa babbar riga ya tafi bankin shi kaɗai, ya ce a cire sharaɗin. Mai Tabarau ta ba shi kujera, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce hakan mai sauƙi ne ƙwarai, takarda ɗaya ce kawai, sai dai ita ma tana bukatar hannu biyu. Ya dawo da takardar a aljihu, har yau bai nuna wa Inna ba. Da Kawu ya tambaye shi yadda ya ga sabon bankin, cewa ya yi ba laifi, suna da ladabi, sai dai sun cika riƙe magana.

Lambar asusun tana bayan takardar nan. Idan ka kira Baba, ka tambaye shi aiki kafin ka tambaye shi jiki, kuma kada ka ambaci injin.

Ka gaida matarka da kyau, da ɗanku Babban Yaya, da 'yar autarku mai surutu. Inna tana gaishe ku, ta ce ka rage zama da yunwa. Kawu da maigidana da yara duk suna miƙo gaisuwa. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka