Hudar Baba Bakari a Katunan Paskal

Zuwa ga Mai Girma Direkta na kamfaninmu na auduga, Garwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya tare da iyali da dukan ma'aikata. Ni ne Iliyasu Mamman, ma'aikacin da kamfani ya aika Yawunde ya koyo aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda a biro, wato ofishinmu, muke kira ordinatar. Na manna wannan wasiƙa a allon bakin ƙofa ne don kowa ya karanta, saboda wadda na aiko maka ta hanyar ofis har yau ba ta iso ba. An rubuta a mai da ni zuwa ma'ajiyar kamfani ta Tibati, alhali ni kaɗai ne ke kai mahaifiyata asibiti a nan Garwa, kuma laifin da aka ɗora mini ba nawa ba ne.

Na ɗaya. Ka yi mini haƙuri in bayyana aikin, don na lura har waɗanda ke hukunta ni ba su san shi ba. An sa ni in rubuta tsarin da zai raba wa motoci ranakun ɗauko auduga daga Ngong da Bibemi da ƙauyukansu. Ana rubuta shi da harshen na'ura mai suna Paskal, a kan katuna, kowane layi da katinsa, kowane harafi kuwa wasu 'yan huji ne a jikin katin. Ba mu da na'urar a nan, sai a sa katunan a jirgi zuwa Yawunde. A can akwai wani sashe na na'urar da ake kira kompilatar, shi ke karanta tsarin kafin a yi aiki da shi, kuma ban taɓa ganin mai tsanani irinsa ba. Sunan da ba ka gabatar masa tun farko ba, ba ya saninsa. In ka buɗe sashe ba ka rufe ba, ko ka zuba lamba mai gutsure inda ya tanadar wa cikakkiya, sai ya ƙi. Kuma ba ya tsayawa a kuskure guda: da zarar ya ruɗe a layi ɗaya, duk layukan da ke ƙasa sun zama masu laifi.

Na biyu. Shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, Musye Etiyen, ba ya karanta takardar kurakuran da ke dawowa. Aunawa yake yi. Yakan warware ta a tsakiyar biro, ƙarƙashin hoton Shugaban Ƙasa, ya riƙa kamu da hannu kamar mai sayar da atamfa, sa'an nan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Musye Iliyasu, wannan karon har ta fi ta wancan watan tsawo. Me aka koya maka a Yawunde, cin rogo?" Daga nan sai takardar neman bayani. Ta farko ta zo, ta biyu ta biyo baya.

Wallahi na zargi kaina. Na bi kowane buɗi na nemo masa rufinsa, na duba kowane suna, na ƙirga alamomin ƙarshen layi har idona ya fara ganinsu a jikin bango. Na rame. Inna ta ga abin ya wuce wasa, ta karɓo mini rubutu wajen malamin unguwarmu, na sha, na sake aikawa. Takardar ta dawo da tsawonta.

Na uku, kuma shi ne tushen maganar. Wata azahar na manta alƙalamina a ofishin aika wasiƙu, na koma ɗauka, sai na tarar da Baba Bakari, tsohon da ke riƙe da ofishin tun zamanin Faransa, zaune da katunana a gabansa. Ya ɗauki kati, ya danna masa kashe, wato hatimin kamfani, da jiƙaƙƙiyar tawada, ya sa shi a ƙarfen huda, ƙwas, ya zira masa igiya, ya ɗauki na gaba. Har harshe ya fitar don natsuwa. Na ce, "Baba, me kake yi haka?" Ya ce, "Ɓingel am, ɗana, ba takardar da ke fita gidan nan ba kashe ba igiya. Kai ma ka gode mini, naka hujin duk a warwatse suke, nawa kaɗai ne a kan layi."

Ranka ya daɗe, a can Yawunde yanke igiyar suke yi su zuba katunan a na'ura. Waɗanda tawada ta manne su wuce bibbiyu, sauran kuwa kompilatar ya tarar da hujin Baba Bakari, ya ɗauka harafi ne da ba a taɓa halitta ba. Ban ga laifin tsohon ba, doka ya bi, kuma da zuciya ɗaya. Na kai maganar gaban Musye Etiyen, ya ce ƙa'ida ta girmi ordinatar.

Na huɗu. Da na ga haka, sai na sake buga katunan, na jera su a kwalin sukari, na ba wani Alhaji mai fataucin goro da zai hau jirgi, na roƙe shi ya miƙa su hannu da hannu. Amsa ta dawo ba kuskure ko ɗaya, ga ranakun motoci a jere, Ngong da ranarta, Bibemi da tata. Ranar na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Na kai wa Musye Etiyen da rawar jiki. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Ina kashe?" Ya jefa ta a kwandon shara, ya ba ni takardar neman bayani ta uku saboda na tsallake hanyar ofis, ya haɗa da shawarar Tibati. Yanzu haka audugar manoma na jibge a bakin hanya, awaki na hawa kanta, motoci kuwa suna zuwa inda direba ya ga dama.

Saboda haka ina roƙonka, Ranka ya daɗe, ka ba da umarni a rubuce cewa katunan na'ura ba wasiƙa ba ne, a buga kashe a jikin kwalin, a huda kwalin in ya so, a bar katunan. A faɗa wa Baba Bakari cikin mutunci, don ba na so a ci masa fuska a kaina. A daina auna ma'aikaci da tsawon takardar kurakurai, domin ko gwanayen Yawunde sai kompilatar ya kore su sau da yawa kafin ya yarda. Sa'an nan a janye maganar Tibati.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta hana ni sukuni, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin tsoro. Na ce wa Inna ta zauna wajen maƙwabta in riƙa zuwa duba ta, ta ce ita ba kaya ba ce da za a ba ajiya, inda na sa ƙafa nan za ta sa. Matar da ba ta iya kaiwa bakin kogin Binuwai sai ta huta a hanya, ita ce ke shirin hawa babbar mota har Tibati. Ta fara raba kajinta, kullum sai ta kama ɗaya ta miƙa wa wata maƙwabciya ta kan katanga, tana yi mata bayanin halinta. Ka taimaka ka amsa mini kafin ta kai kan zakaran.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya tsare ka da iyalinka, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam. Naka mai biyayya,
Iliyasu Mamman