Fuskar Aub a Shafi na Bakwai

Litinin, 2 ga Maris, 1953
Na gama rubuta wa mujallarmu labarin Kyaftin Brannock na wannan wata. Ya sace taswirar Japanawa, ko ƙwarzane bai yi ba. Ni da ban taɓa barin Sydney ba! Yaya Clarrie, da ya ci shekara uku a sansanin fursunonin yaƙi na Japanawa, shi ke zana hotunan. Bai taɓa ce min ƙarya nake ba.

Juma'a, 6 ga Maris
Edita Tolhurst ya buga tebur: "Noreen, wane ne wannan mai manyan kunnuwa da yayanki ke cusawa bayan Kyaftin kowane wata? Ƙashi da fata! Yara suna son jarumi, ba gawa ba."

Laraba, 11 ga Maris
Wata dattijuwa ta zo gidanmu, Misis Gorrie, tun daga Lithgow a jirgin ƙasa. Ta buɗe mujallarmu a shafi na bakwai. "Ɗana Aub ne. Kunnuwan ubansa ne. Sojoji sun ce ya ɓace. A ina kuka gan shi?"
Clarrie ya sulale bayan gida. Na zuba mata shayi, ya huce a hannunta. Na ce, "Mama, zane ne kawai." Ta ce, "'Yata, ba a zana wanda ba a gani ba."

Alhamis, 12 ga Maris
Clarrie bai taɓa alƙalami ba yau. Bai ci ba.

Lahadi, 15 ga Maris
Ina wanke-wanke Clarrie ya ce, "Ni na haƙa wa Aub kabari a sansanin, Auta. Na ce zan je wurin uwarsa. Sau biyu ina isa tashar Lithgow ina juyowa."
Na ce ko in je ni. Ya ce in na je ba zan sake ganinsa ba. Na san zai iya.
Kyaftin kam da tuni ya san abin yi.

Talata, 24 ga Maris
Tolhurst ya ce a cire mai kunnuwa ko a cire mu. Ga shi Misis Gorrie ta ce za ta sayi mujallar watan gobe.
Na zauna rubuta labarin watan Afrilu. Hoto na huɗu: Kyaftin yana buɗe akwatin sirri. Sai na ƙara: a can baya, wani soja zaune a inuwa, faranti cike da nama da dankali, yana ci.
Don cike gurbi ne kawai.
Clarrie ya karanta. Ya ce, "Aub ba ya son dankali. Kabewa."
Na gyara.