Yadda Gwaggo Dudu Ta Fitar da Iska Daga Kek Ɗin Bikin Shamsiyya

Yelwa, Yauri

Zuwa ga Yayata Zulai'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girma da ban girma, ina fata kuna lafiya ke da maigida da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara miki sauƙin laulayin da ya hana ki zuwa, Ya sauke ki lafiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, kuma an kai ƙanwarmu Shamsiyya ɗakinta a Shanga lami lafiya.

Yaya, abin mamakin da na gani ne ya sa na ɗauki biro. Kin san na yi wa Inna alkawari ni zan gasa kek ɗin bikin da hannuna. Sau uku ina gwadawa, waje ya yi kyau, amma da na yanka sai in tarar da ramuka a ciki kamar gidan gara, har yana ɓarkewa. Saura kwana biyu dangin ango su iso, na zauna a tsakar gida ina hawaye.

Gwaggo Dudu, ƙanwar kakarmu mai ginin tukwane a Wara, ta zo biki tana zaune a tabarma. Matar da ba ta taɓa gasa kek ba a duniya! Ta karɓi gutsure ta dudduba, ta ce wannan iska ce na rufe a ciki, kuma iska a cikin yumɓu ita ke fasa mata tukunya a wuta. Ta sa na tankaɗe fulawa da bekin foda sau biyu. Da na zuba fulawar a kan bota da ƙwai na fara bugu da ƙarfi, sai ta riƙe hannuna, ta ce bugu ya ƙare tun a ƙwai, yanzu juyi ne a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Na zuba ƙullun a gwangwani, ta ja tsinke a cikinsa, ta buga gindinsa a ƙasa sau huɗu. Wallahi Yaya, da idona na ga kumfa na tasowa yana fashewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta rage gawayin ƙarƙashin tukunyar yashin da nake gasa kek ɗin a ciki, ta hana ni buɗewa.

Da aka yanka shi gaban dangin ango, cikinsa sumul, ko ramin allura babu. Na kai wa Gwaggo yankan farko, ta ɗaga shi a hasken rana ta juya, ta ce da tukunya ce, da ta riƙe ruwa.

Inna tana gaishe ki, haka Kawu Mamuda da Altine. Ki gaishe min da maigida Yaya Jabiru, ki shafa min kan Tamada.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hamdiyya