Malamin da Ya Gyara Min Sunan Garinmu

Ƙanena Adamu,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka, ya iyali, ya zaman Legas?

Tun shekarar da aka yanke Yobe daga Borno ban ga raini irin na jiya ba. A majalisarmu ta unguwar Bolewa na ce Pataskum, sai sabon malamin Turanci na makarantar unguwarmu ya tare ni: "Baba, Po-tis-kum ake cewa. Gaɓa uku, a danna ta tsakiya." Har da tafi yake ƙirgawa, jama'a suna dariya.

Ka san kalma biyu kakanninmu Ngizimawa suka haɗa: pata, daji, skum, bishiya. Shi bai sani ba.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe min da mai ɗakinka Hajara. Gobe da safe zan shiga ajinsa, ya faɗa min ma'anar gaɓoɓin nan uku a gaban ɗalibansa. Da kujerata zan tafi.

Yayanka,
Maina